Mesa a Rumbun Baba

Baffana, ƙanen Baba, ya dawo daga ci-rani da rabin buhun garin rogo a ka da wata ƴar jakar tsumma a hannu. Duk gidan aka bi buhun da ido. Ni kaɗai na bi jakar, don na ga tana motsi.

Shekara ta biyu ke nan ruwa bai yi ba. A ƙauyenmu, can gefen hanyar Agiye zuwa Gazawa, sau uku muka shuka gero, sau uku rana ta soye shi. Shanun Baba biyu sun kwanta ba su tashi ba. Jakinmu ya rame har kana iya rataya riga a ƙashin ƙugunsa ka je ka dawo ka same ta. Ƴaƴan anza muke ci, waɗanda ake jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, amma ni a ganina ɗacin yana fita daga anzar ne ya shiga cikin mutum. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, kuma lakol ɗinmu, wato makarantar boko, ta zama rabin lakol, don yara da yawa sun bi iyayensu kudu.

Kafin Baffa ya tafi na roƙe shi ya kawo mini abin da babu mai irinsa daga nan har Maraɗi. Agogo nake nufi. Sai ga shi ya kwance bakin jaka a tsakar gida ya zazzage, wani abu ya faɗo a naɗe kamar gammo, baƙi da zane ruwan zuma, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Muna kallo, gammon ya fito da kai.

Ban taɓa sanin Inna ta iya tsalle ba sai ran nan. Tsalle guda ta tsallake turmi da taɓarya da ƙanwata.

Baffa yana dariya ya ce, "Ku kwantar da hankali, mesa ce, amma ba mai haɗiye akuya ba. Wannan ba ta wuce tsawon hannun mutum sai da kaɗan, kuma ba ta da dafi. In ta tsorata, dunƙulewa take ta ɓoye kanta a tsakiya." Ya ce a kunyar doya ya same ta, a gonar da ya yi ƙwadago can kurmi, inda mutane ba sa kashe irinta, sai dai su ɗauke ta da sanda su aje gefe kamar mai kauda tsoho daga rana.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Mutane na kawo hatsi, kai ka ƙaro mana baki."

"Yaya, bakin nan ɓera guda yake ci a mako."

"A gidan nan ka ga ɓera?"

Gaskiyar Baba ce. Ɓeran ƙarshe na gidanmu tun bara ya tattara iyalinsa ya yi ƙaura, ko sallama bai yi mana ba. Amma na riga na durƙusa na ɗauke ta. Sanyi gare ta kamar gindin tulu, ga nauyi fiye da yadda ido ke gani. Da Baba ya ga haka sai ya ce in saka ta a rumbun ƙasa, tunda dai babu abin da ke ciki sai iska. Cikin rumbun sumul yake, ba za ta iya hawa ta fito ba, ƙofarsa kuma a sama take, sai an kafa tsani an ɗaga hular ciyawa. Baffa ya yi kwana uku ya koma kudu, ya bar ni da dukiyata.

To, nan fa girma ya same ni. Da safe in naɗa ta a wuya in tafi rijiya, mata su watse su bar mini guga, ni da a da sai na yi rabin yini ina jiran layi. In saka ta a jakar littattafai in tafi lakol. Ran da malaminmu, da muke kira mushe, ya ce in fito in nuna aikina na lissafi, na buɗe jakar a gabansa, shi ke nan har aka tashi bai sake tambayar kowa lissafi ba, ƴan ajinmu suka yi ta sa mini albarka. Wani jandarma, irin ƴan sandan nan, ya tsaya da babur a bakin hanya ya kira ni da tsawa, da na matso ya ga abin da ke wuyana, sai ya tuna ana jiransa a buro, wato ofis. Har daga Gazawa an zo kallo. To, mutum ɗaya ne, kuma dama hanyarsa ce, amma dai ya tsaya. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta tana hannuna ko hannun wani, wannan ya ja wutsiya, wannan ya ƙirga zane. Ita kuwa kullum a dunƙule. Ni a zatona jin daɗi take.

Da mako ya zagayo na tafi neman ɓera. Duk ƙasar wuri guda ɓeraye suka rage, wato magazan na Agiye inda ake aje dawar taimako. Tafiyar awa biyu ce a ƙasa. Mai gadin wurin ya ji abin da ya kawo ni, ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya zo magazan neman ɓera ba, kowa dawa yake nema. Ya bar ni na kifa ƙwarya a bayan gini, na tokare ta da tsinke mai zare, na zuba ƙwayar dawa da na tsinta a bakin ƙofa. Kafin azahar na kama guda, mai ƙiba, ya fi ni cika ido.

Na dawo na yi shela. Na zana da'ira a yashi a ƙofar gida, yara suka kewaye, har da manya masu cewa wucewa kawai suke. Na aje mesa a tsakiya, na ce kowa ya buɗe ido, wanda ya ƙifta ya yi asara. Na saki ɓera daure da zare a ƙafa.

Ta dunƙule. Ɓeran ya zagaya ta, ya sunsuna, ya hau kanta ya zauna kamar an shimfiɗa masa buzu, ya kama wanke fuska da hannu biyu. Dariyar da aka yi ran nan, ina jin an ji ta a Cadakori. Wani ya ce, "Kai, wa aka kawo wa wa?" Wani ya ce in mayar da macijin in riƙe ɓeran, shi ya fi jarunta.

Na sake gwadawa washegari, na riƙe ɓeran ina tura mata a baki. Ita ba ta ciji kowa ba, shi ya cije ni a yatsa ya tsinke zare ya gudu. Daga nan kowa a ƙauye ya zama masanin mesa. Aka ce nono take sha, aka ce ƙwai, aka ce kwaɗo, alhali rabonmu da ganin kwaɗo tun ina gajere. Har kunu na ɗiga mata da tsinke, ta ƙara cusa kai ciki. Mako uku, ɓera uku, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Bayanta da yake zagaye ya fara fitar da tsini, fatar gefenta ta fara tattarewa. Ko ni mai yawan baki na ga abin ya fi ƙarfin baki.

A makon nan ne wani baduku mai ɗinka jakunkuna da kube ya biyo ta gidanmu. Ya dube ta yadda mahauci ke duban rago, ya shafa zanen da babban yatsa, ya ce wa Baba in an kai masa ita kasuwar Agiye zai ba da tiya biyu ta gero, don fatar. Ya ce amma a hanzarta, fatar mushe ba ta da daraja.

Bayan la'asar Baba ya kira ni. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi, don na saba da faɗa. A hankali ya ce, "Abin nan mutuwa za ta yi a hannunka. In ta mutu, ka rasa ta, ƙannenka sun rasa gero. Tiya biyu tuwon kwana uku ne."

Na buɗe baki, sai na hango ƙanwata zaune a inuwa, gashinta ya koma ja-ja, ba ta ko wasa. Na rufe baki.

Ya ce, "Kasuwa saura kwana shida. In ba ta ci ba, na kai ta."

"In ta ci fa, Baba?"

"Wanda ya ci abinci a gidana ba na kai shi kasuwa."

Na koma gindin rumbu na zauna da ita a cinya. Ban yi kuka ba. Yashi ne ya shiga mini ido, duka biyun, a lokaci guda.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana kusa tana kaɗi. Iyayenta daga arewa suka gangaro da dabbobi tun tana yarinya, har yanzu kuma ba ta yarda mu manoma mun san ladabi ba. Ni da ita ba ma rabuwa da tsiya. Ta ce, "Kai, mijin wofi, matso nan. Mi ka yi wa baƙuwar taka?"

"Ni? Babu abin da ban yi mata ba, tsohuwa. Na kai ta rijiya, na kai ta lakol, har jandarma ta gani."

"To ai shi ne. Ka taɓa ganin baƙon kirki ya ci abinci ana kallon bakinsa?"

"Maciji ne fa, Kaka, ba suruki ba."

"Rufe mini baki, mai kai kamar gora." Ta aje mazari. Ta ce lokacin da kakana ya fara zuwa gaida iyayenta, kwana biyu ana aje masa akushi a gaba, bai ko ɗaga faifan ba, alhali cikinsa na kuka ana ji daga garke. Surukai ne, ba zai tauna a gabansu ba ko zai mutu. A rana ta uku mahaifiyarta ta kai akushin cikin bukkar da aka sauke shi, ta saki asabari, ta kwashe kowa da kowa aka tafi rijiya, har da waɗanda ba su da abin ɗiba. "Da muka dawo, akushi kamar an wanke. Ya ce wai kare ne ya shigo. Mu kuwa ba mu da kare."

Na yi dariya ban shirya ba.

Ta ce, "Duk abin da ke ɓoye kansa in an dube shi, kunya gare shi. Kai ne ba ka san ta ba, don ran da ake rabonta kana bisa bishiya. Ka ɗauko baiwar Allah daga ƙasarsu, ba ka bar ta ta huta gajiya ba, kana yawo da ita kamar tallan goro, sannan ka tara gari ka ce ta ci. Ko ni ce ba na ci."

"Ke ai ko a tsakiyar kasuwa ci za ki yi."

Ta kai mini duka da kara, na goce.

Nan ta kafa mini doka. Ta sa na ɗauko wata tsohuwar tukunya mai ɓalli a baki, na kife ta a cikin rumbu, ɓallin ya zama ƙofa, don a cewarta baƙo ba ya sakewa sai yana da ɗakin da zai shiga ya juya wa mutane baya. Ta tsiyayo mini rabin ruwan butarta, a lokacin da ruwa sai an zura igiya gaba ashirin kafin a ji shi, na zuba a kasko, sauran na yayyafa a yashin ƙarƙashin tukunyar. Na aje mesa, ban ko miƙe ba ta sulale ta shige. Rabon da in gan ta ta warware haka da kanta tun ranar da ta zo.

Kaka ta ce, "Yanzu fito, ka mayar da hula. Kwana huɗu ba taɓawa, ba leƙawa."

"Huɗu? Shida fa gare ni duka!"

"Wanda ya ɓata mako uku bai da bakin ƙirga kwana."

Ban taɓa shan wuya irin ta kwana huɗun nan ba, har da anza a ciki. Hannuna ya saba, da kansa yake tafiya wajen tsani sai in kamo shi. Kaka ta kwashe kayan kaɗinta ta dawo gindin rumbu ta tare, kara a gefe. Ta sa aka kwantar da tsanin ta zauna a kai. Yara suka yi ta zuwa, na ce musu ta shiga halwa, ba ta ganin kowa. A rijiya na koma bin layi kamar kowa, matan da na kora suka rama har da riba. A lakol mushe ya tuna da lissafi.

A rana ta biyar na yi sammako zuwa magazan. Wannan karon na zaɓi ƙaramin ɓera, ba irin ƙaton nan mai raina mutane ba. Na dawo rana ta yi sanyi. Kaka ta tashi daga kan tsani. Ta ce in zura shi cikin ƙwarya da igiya, kada in shiga, kada in yi magana, in watsa masa ƙwayar dawa kaɗan don ya sami abin yi kada ya je ya cije ta. Na yi yadda ta ce. Na so in ɗan tsaya in ga ko za ta leƙo, sai na ji kara a ƙauri.

"Sauko. Rijiya za mu."

"Ba mu da abin ɗiba, Kaka."

"Ka ji na ce ɗiba za mu?"

Haka ta tasa ni gaba, ni da ƙannena da Inna da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, muka je muka zauna bakin rijiya muna kallon mutane har aka kira magariba. Da muka dawo ta sake kwantar da tsani. Ta ce baƙo ba a tambayarsa ko ya ci, da safe ake ɗauke akushi.

Gari ya waye ran kasuwa. Baba ya ɗaure wa jaki itace, ya ɗauko ƴar jakar tsumman ya tsaya gindin rumbu. Bai dube ni ba ya ce, "Hau."

Tsanin nan taki biyar ne, amma na yi kamar shekara ina hawa. Na ɗaga hula. Ga kasko, ga tukunya, ga sauran dawa a yashi. Babu ɓera.

Na kwala ihu, "Babu shi! Baba, babu shi!"

Ya ce, "Ɓera ne, ya iya haƙa. Duba da kyau."

Na dira ciki, na bi bango da hannu, babu rami. Na durƙusa na ɗaga tukunyar a hankali, kamar mai ɗaga faifai daga kan nono. Tana kwance a sake, kanta a waje bisa jikinta, tana fitar da harshe. A tsakiyarta ga wani ƙullutu ya taso kamar an ƙulle goro a gefen zane. Ta dube ni, na dube ta. Ba ta dunƙule ba.

Na ɗaga kai. Na ce, "Baba, zo ka gani."

Baba da kansa ya hau tsanin, ya leƙo da kai ta ƙofar rumbun da rabonsa da leƙawa tun da hatsi ya ƙare. Ya daɗe yana kallo. Sai na ga ya sunkuyo ya miƙo hannu zai shafa ƙullutun, shi da bai taɓa yarda ya kusance ta ba.

Na ce, "Kada ka taɓa ta!"

Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa Baba kada ba. Na yi sauri na ƙara da cewa Baffa ya gaya mini in ta ci sai a bar ta kwana biyu, in an dame ta amayarwa take. Ya faɗa mini tun ranar farko, sai a lokacin maganar ta dawo mini.

Baba ya janye hannu. Ya ce, "To, malam. Mayar mata da ɗakinta."

Daga ƙasa Kaka ta ce, "Ku sauko ku ba baiwar Allah wuri, kun tsaya mata a ka kamar ba ku taɓa ganin wanda ya ƙoshi ba."

Baba ya ce, "Mun daɗe ba mu gani ba, Inna."

Ya sauko ya ninke jakar tsumman ya miƙa wa Kaka. Ya nuna mini wani dami na itace da jaki ya kasa ɗauka, ya ce tunda yau ba fata, sai a ƙara itace. Na ɗora a ka. Dami ne na mutum biyu, wuyana ya shige cikin kafaɗa har yau ban tabbata ya gama fitowa ba, amma ban sauke ba ko sau ɗaya har Agiye. Duk wanda muka gamu da shi a hanya, ko na san shi ko ban san shi ba, kafin ya gama sallama na ce masa ta ci. Wata tsohuwa ta ce, "Wa?" Na ce, "Mesa." Ta ƙara sauri.

Itacen bai kawo gero mai yawa ba, kowa itace ya kawo ran nan. Muna ɗaure ɗan abin da muka samu sai ga baduku ya ratso mutane yana leƙen hannun Baba. Ya ce, "Ina kayan?"

Na dubi ɗan ƙullin geronmu, na kuma san abin da tiya biyu za ta ƙara masa. Baba ya ja bakin ƙullin ya ɗaure tam, ya ɗora wa jaki.

Ya ce, "Baƙuwar ta ci abinci."